Ƙanena, kafin ka nemi bizar Riyad, koyi warware zaren da ya sarƙe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga saƙonka: ka gama digirin kwamfuta a Kano, kana son zuwa aiki Saudiyya, kana tambayar wane yaren rubuta manhaja za ka ƙara. Bar ƙari tukuna. Masu Java da Python daga Indiya da Masar da Pakistan sun cika Riyad. Wanda ake riƙewa hannu bibbiyu shi ne wanda in manhaja ta sandare zai nuna inda ta maƙale.

Shekarata ta biyu a nan, cikin azumi, bayan tarawihi da ciniki ke kankama, manhajar biyan kuɗin kamfaninmu ta tsaya cak. Ba ta mutu ba, ba ta ce uffan ba. Kwana bakwai ana kashewa ana kunnawa, wanda share sawun ɓarawo ne kawai.

Fara da duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke gudanar da ayyuka. In tana ci kamar wutar daji, wani zare ne, wato ɗaya daga cikin ayyukan da manhaja ke gudanarwa a lokaci guda, ke zagaye wuri guda. In ta yi lakwas, jira ake. Namu jira ne. Na ɗauki hoton dukan zaruruwan da jstack, manhajar da ke nuna inda kowane zaren Java yake, sau uku, daƙiƙa 10 tsakani (a C++ gdb ke wannan aiki). Wanda bai motsa ba a hotuna ukun, shi ne abin tuhuma. Biyu na kama. Wasu mutum biyu ne suka tura wa juna kuɗi a lokaci guda: zare ɗaya ya kulle asusun wannan yana jiran na wancan, ɗayan ya kulle na wancan yana jiran na wannan. Kamar 'yan adaidaita biyu da suka yi kiciɓis a lungun Kurmi, kowa ya rantse ba zai ja baya ba. Tun 1965 masanin kwamfuta Dijkstra ya fayyace wannan matsala. Maganin bai kai layi goma ba: kowane zare ya fara kulle asusun da lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Wannan ma mai sauƙi ce, tunda tana tsayawa ka kama ta. Muguwar ita ce rige-rige: zare biyu su karanta adadi ɗaya, kowa ya ƙara nasa ya rubuta, ƙarin ɗaya ya bi ruwa. Komai na tafiya, lissafi ne ya ƙi daidaita. Kana saka layin leƙe, wato layin da ke bugo maka abin da ke faruwa, sai ta ɓuya, domin ka sauya takun zaruruwan. Nan manhajojin farautar rige-rige, ThreadSanitizer ko Helgrind, ke fidda kai kunya. Kuma kada ka raina kanka in ta wahalar da kai: a 1997 na'urar Pathfinder ta Amurka ta yi ta sake kunna kanta a duniyar Mars, saboda ƙaramin aiki ya riƙe makullin da babba ke jira, matsakaitan ayyuka kuma sun hana ƙaramin sakat.

To ga aikin gida. Rubuta manhajar da za ta sarƙe da gangan, ka kamo ta, ka warware, har ka iya bayaninta da baki a intabiyu.

Batun biza kuwa, kar wani dillali ya ruɗe ka da ta Umara. Ba a aiki da ita. Sai da kwantiragi a hannu, kuma ka tabbata sana'ar da za a rubuta a iƙamarka, wato takardar izinin zama, ita ce taka. Ka gaida Hajiya, ka ce yajin da ta aiko ya iso.