Amsa kan littattafan binciken kisa masu fatalwa da masoyan jinsi ɗaya

'Yar'uwa, kin ce kin samu wani littafin Turanci na binciken kisan kai, labarin wani ƙauyen Ingila a shekarun 1920, har da fatalwa a ciki, sai kika tarar matar da ke binciken da "ƙawarta" da suke gida ɗaya ashe masoya ne. Kina son sanin ko marubutan yanzu ne ke cusa abin zamaninsu cikin tarihi. Na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafan, bari in faɗa miki abin da na lura. Tunda ba hukuncin addini kika tambaya ba, zan tsaya a kan tarihi da gwanintar rubutu.

Masoyan jinsi ɗaya dai an yi su a lokacin. Abin da ya sa marubutan binciken kisa ke rububin su shi ne dokar Ingila ta wancan zamanin. A 1885 majalisa ta yi dokar da ta haramta duk wata mu'amala irin wannan tsakanin maza, ko da a cikin ɗaki ne, da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2. Da ita aka ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895, shekara 2 da aiki mai tsanani, kuma ba a sassauta ta a Ingila da Wales ba sai 1967. Dokar ta zama jari ga masu cin kuɗi da barazanar tona asiri: bara ya tsinci wasiƙa a aljihun kwat ɗin maigida, shi ke nan ya samu albashi na biyu. To ki duba abin da wannan ke ba marubuci. Ga mutum bai kashe kowa ba, amma ɗan sanda ya tambaye shi inda ya kwana daren da aka yi kisan, ya gwammace ya yi ƙarya ko da za a zarge shi. Mai karatu sai ya bi shi a guje, mai laifin na gaskiya yana gefe yana shan shayi.

Mata kuwa dokar ba ta taɓa su ba. An so a ƙara su a 1921, majalisar dattawa ta ƙi, wai kada a sanar da matan da ba su taɓa jin labarin abin ba. Ga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci mazan Birtaniya sama da 700,000, ƙidayar 1921 ta nuna mata sun ɗara maza da fiye da miliyan ɗaya da rabi. Mata biyu su kama gida tare ba abin da zai sa a waiwayo. Ko shahararriyar marubuciyar labaran binciken kisa Agatha Christie, a littafinta A Murder Is Announced na 1950, ta sa wasu mata biyu da ke zaune tare a ƙauye, ba ta faɗi komai a fili ba, ta bar mai karatu ya auna da kansa.

Batun fatalwar ne ya fi burge ni, don shi ma yana da tushe. Bayan yaƙin, iyaye da zawarawa sun yi ta tururuwa wajen masu da'awar kiran ruhohin matattu. A rage fitila, a zagaye tebur, a riƙe hannun juna, matar ta lumshe ido muryarta ta canza. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, da kansa ya riƙa yawon wa'azin abin. Radclyffe Hall, wadda kotu ta haramta littafinta kan soyayyar mata a 1928, ta yi ta zuwa wajen wata mai kira, Gladys Osborne Leonard, tana neman jin muryar masoyiyarta Mabel Batten da ta rasu a 1916. Wanda ba shi da ikon yin kuka a bainar jama'a a matsayin wanda aka yi wa rashi, wannan ɗakin mai duhu ne kaɗai ya rage masa. Littattafan da suka gane wannan su ne suka zauna mini a rai.

Inda nake ajiye littafi shi ne in na ga marubuciya ta manta shekarar da take ciki. Maza biyu masoya suna tafe a kasuwar ƙauye a 1925, limamin coci na tsokanarsu, sajan na 'yan sanda na gayyatarsu cin abinci, babu mai fargaba. Na san irin wannan adabi ba ya son tashin hankali, ba jini, ba baƙin ciki mai nauyi, shi ya sa ake karanta shi kafin barci. Amma a cire tsoron gaba ɗaya, an cire dalilin ɓoyon, labarin ya zama miya ba gishiri. Gwanayen sukan bar haɗarin a waje, su gina ɗan da'irar mutum uku ko huɗu da suka sani suka yi shiru: tsohuwar mai dafa abinci da ke gyara gado ɗaya kullum ba ta taɓa cewa uffan ba, ko goggon da ke ƙona wasiƙu kafin 'yan sanda su iso.

Sai ki lura da aikin da aka ba fatalwar. Tun 1929 marubuci Ronald Knox ya rubuta ƙa'idojin labarin bincike, ya ce babu ruwan abin gaibu a warware kisa, kuma ina tare da shi rabi. Fatalwar ta nuna akwatin da aka ɓoye wasiƙun, na yarda. In kuwa a naki littafin ita ce ta buɗe baki ta faɗi sunan mai kisan, ki gaya mana sunan littafin a nan kada wata ta ɓata kuɗinta.