Layi ya hau layi, amma kada ka fara hasashe tukuna

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce modal ɗin wani tsohon filin mai na Neja Delta, wato kwaikwayon filin a kwamfuta, da aka ba ka don koyon aiki ya ƙi bin tarihin rijiya: matsin da kwamfuta ke nunawa a gindin rijiyar bai kai wanda aka auna ba. Sai ka ninka sauƙin da mai ke ratsa dutse sau goma a akwatunan modal ɗin da ke kewaye da ita, nan take layin kwamfuta ya hau layin abin da aka auna. Yanzu kana so ka san ko za ka wuce zuwa hasashen shekara 20.

A'a. Mayar da lambar yadda ka same ta. Abin da ka yi gyaran gangar Auzinawa ne.

Ka fara tuna abin da manhajar take yi, ko Eclipse ce ko CMG ko tNavigator. Tana yanka dutsen da ke riƙe da mai zuwa akwatuna, ta ba kowanne lambobinsa: yawan ƙofofin da ke cikinsa, sauƙin ratsa shi, matsi, da rabon mai da ruwa da gas. Daga nan doka biyu kawai take bi. Ta farko, abin da ya shiga akwati in an cire abin da ya fita, shi ne abin da ya taru a ciki. Ta biyu ita ce dokar Henry Darcy, wanda ya gwada tace ruwa ta cikin yashi a garin Dijon na Faransa, ya buga sakamakonsa a 1856: gudun ruwa yana ƙaruwa da bambancin matsi da sauƙin ratsawa, yana raguwa da kaurin abin da ke gudu. Sauran duk maimaici ne, akwati bayan akwati, kwana bayan kwana. Manhaja ba ta taɓa ganin dutse ba. In ka ce mata milidasi (ma'aunin sauƙin ratsawa) 50 ya koma 500, za ta karɓa ba musu.

To ina laifin yake? Ni da a hannuna yake, rijiyar zan fara tuhuma kafin dutsen. Faɗin ramin rijiya bai wuce taƙi ɗaya ba, akwatinka kuwa mita 100 ne kowane gefe. Matsin da aka lissafa wa akwatin ba shi ne matsin bakin ramin ba. Donald Peaceman ya nuna a 1978 cewa a akwati mai gefe daidai, wannan matsi ya yi daidai da na wuri mai nisan kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin akwatin, wato wajen mita 20 daga rijiyarka. Tsakanin nan da ramin akwai faɗuwar matsi mai yawa, kuma lamba ɗaya ce ke ɗauke da ita. Cikin lambar akwai sikin, ma'aunin yadda lakar haƙa ta toshe fuskar dutse, ko yadda asid ya buɗe ta. Duba fayil ɗin rijiyar. In an taɓa wanke ta da asid ko an ƙara huda bututu a wata shekara, kai kuma ka bar tsohon sikin, ga amsarka nan. Rahoton gwajin da ake rufe rijiya a bar matsi ya farfaɗo zai ba ka sikin da sauƙin ratsawa duka biyu, aunannu, ba na ƙage ba.

Kuma daidaita tarihi, wato gyara lambobin modal har ya bi abin da aka auna a baya, yana da tsari, kai daga wutsiya ka faro. Matsakaicin matsin filin gaba ɗaya ake fara kamawa, a nan ne ake taɓa yawan man da ke ƙasa da ƙarfin ruwan da ke turo shi daga gefe ko daga gindi. Sai lokacin da ruwa ya ɓullo a kowace rijiya da yadda kasonsa ke hawa. Matsin gindin rijiya shi ne na ƙarshe.

Wajen ruwan nan ka yi hattara da wata yaudara da ba ta cikin dutse, a lissafin take. In akwatuna sun yi girma, ɗigon ruwa na shiga gefe ɗaya manhaja ta baza shi ko'ina cikin akwatin, a taki na gaba ya tsallaka na kusa. Sai ka ga ruwa ya iso rijiya da wuri alhali a ƙasa bai motsa haka ba. Maganinsa ba wuya: raba kowane akwati biyu, rage tsawon takin lokaci, sake gudanarwa. In amsa ta canja sosai, ba da dutse kake faɗa ba. Ka kuma zauna da takarda da biro ka yi lissafin Buckley da Leverett na 1942, wanda ke nuna yadda ruwa ke tura mai cikin dutse, ka gwada da abin da allo ya nuna. 'Yan yanzu ba ku son wannan, na sani, amma awa ɗaya ce.

Abin da ya sa nake matsa maka shi ne, hanyoyi da yawa na iya sa layi ya hau layi, kuma kowace gobenta daban. Wanda ya ninka sauƙin ratsawa da wanda ya gyara sikin duk sun bi tarihi. Amma ranar da aka ce a haƙa sabuwar rijiya kusa, modal ɗinka zai yi alkawarin gangunan da babu su, kuma kuɗin rijiya ɗaya miliyoyin dala ne.

Mu nan lamarin ya fi tsanani. A filin mai na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, Shell ta haƙa rijiyar farko a 1999, NNPC ta haƙa ta biyu ta sanar da samun mai a 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022. Rijiyoyi kaɗan ne, babu doguwar shekarun fitar da mai da za a daidaita da su. Wanda zai yi wa irin wannan fili modal, dutse ne kaɗai jagoransa, kuma ba lamba ɗaya zai miƙa ba, sai uku: in an yi rashin sa'a, tsaka-tsaki, da in Allah ya sa an dace.

Shi ya sa nake so ranar Asabar ka rufe kwamfutar ka tafi wajen Dadin Kowa, a jihar Gombe, ka ga dutsen Bima da idonka. Yashin tsofaffin koguna ne da ya daskare sama da shekara miliyan 100. Ka lura da siraran shimfiɗun laka da ke raba yashin, su ne ke sa ruwa ya fi saurin tafiya a kwance bisa a tsaye, wani lokaci ninki goma ko fiye. Ka auna mita 100 da taku, ka ƙirga sau nawa dutsen ya sauya kama a cikin abin da kai ka ba lamba ɗaya.

In ka dawo, kawo mini fayil ɗin rijiyar da rahoton gwajin matsi. Duk lambar da za ka taɓa daga yau, rubuta tsohuwar, rubuta sabuwar, da aunin da ya ba ka izini. Litinin da safe mu zauna a kai.