Tsatsa a jikin tsohuwar Land Rover

Malam, ka tambaya ko za ka shafe ramukan da tsatsa ta ci a Land Rover ɗinka Series III da fila (ƙullun da ake cike ramin jikin mota da shi) kawai. Don Allah kada ka yi, tsatsar za ta ci gaba da ci ta ƙarƙashi.

Fatar jikin motar nan alminiyam ce, amma shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, kuma can ne tsatsa take kama ƙasan ƙafar direba. A yanke wurin har a kai ƙarfe mai lafiya, a saka sabon faranti mai kaurin na asali, a yi walda ɗigo-ɗigo don kada zafi ya lanƙwasa shi.

Farin garin da kake gani inda alminiyam ya taɓa ƙarfe kuwa, alminiyam ɗin ne ke lalacewa, sai an raba su da fenti ko roba kafin a mayar da ribit.