Amsa: Takardar izinin farauta a filayen mutane a Texas

Malam, ka tambaya ko lasisin farauta kaɗai ya ishe ka shiga gonakin da aka buɗe wa jama'a a jihar Texas ta Amurka. Bai isa ba.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar jihar a hannun masu filaye take, shi ya sa hukumar Texas Parks and Wildlife, mai kula da namun daji, ke karɓar hayar wasu gonaki ta buɗe wa mafarauta, galibi don harbin kurciya. Sai ka haɗa lasisinka da takardar Annual Public Hunting Permit, wato izinin farauta na shekara a filayen da aka buɗe, dala 48, mai aiki daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Don kurciya kuma akwai izinin tsuntsaye masu ƙaura, sannan bindigarka kada ta ɗauki fiye da harsashi uku. Ana sa mata toshi don kada ta ɗauki fiye da haka. In an haife ka daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau, dole sai da shaidar horon farauta.

Inda aka fi shiga matsala shi ne iyaka. Takardar ba ta ba ka gonar gaba ɗaya ba, sai yankin da ke cikin taswirar hukumar ta bana, don haya kan ƙare, mai fili ya janye. Kowane fili da ranakunsa, wasu sai ka yi rajista kafin ka shiga. Ka ga fenti mai launin shunayya (purple) a jikin turke ko bishiya, tsaya nan, alamar hana shiga ce. Ko kurciyarka ce ta faɗa bayan wayar shinge, nemi izinin mai filin da ke maƙwabtaka tukuna.

Don Allah a kwashe kwankon harsashi, a bar ƙofar shinge yadda aka same ta. Sakacin nan ke sa manoma ƙin sabunta haya.