Amsa ga ƙanina kan 'yan littattafan Kurmi

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanina, na ga saƙonka, kana cewa me zai kai mutum shagon littattafai yanzu tunda komai yana cikin waya. To abin da ke bakina ya fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Makon jiya na shiga kasuwar Kurmi ta Kano, wajen 'yan littattafai, zan saya wa yarona Alƙur'ani. Ban ma gama zama ba dattijon ya ce, "Alhaji, Warshu ko Hafsu? Allo yake zuwa ko Islamiyya?" Ka ga dai, da a waya ne, wanda na fara cin karo da shi zan sauke, yaro ya je gaban malam ana ta gyara masa baki. Ai Warshu da Hafsu riwayoyin karatun Alƙur'ani ne, makarantar allo Warshu ake yi, da wannan rubutun namu mai kauri, Islamiyya kuwa yawanci Hafsu. Daga nan ya tambayi inda babban yarona yake a littattafan fiƙihu, na ce ya sauke Ahalari. Ya ce to Ishmawi ke nan, sannan Iziyya, kada a yi masa gaggawar Risala. Ya ɗauko bugu biyu, ya ce wannan ya fi arha amma wasullansa ba su fita, ɗauki wancan. Wallahi sai na ji kamar baffana ne yake ba ni shawara.

Kuma benci ɗaya fa ke ƙofar shagon, amma ka ga malamin zaure, ga ɗalibin jami'a, ga fatake daga Maraɗi da Damagaram sun zo sari. A nan ake jin wane malami ya buɗe karatu, wa ya rasu, ina za a yi sauka. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15, kuma har yau in kuɗinka bai cika ba sai a ce tafi da shi, ka kawo ranar Juma'a.

Ku kuma yayyenmu mata da ke cikin gidan nan, ku ne shaida. Littattafan Hausan da kuka karanta a shekarun 1990, marubutan da kuɗinsu suke bugawa, su kai wa 'yan kasuwa, masu haya a unguwa su saro, a aiki yaro ya karɓo na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Mata nawa suka ƙware a karatun boko ta haka, suna cikin ɗakunansu?

Ni ma ina karatu a waya, ban ce haramun ba ne, kuma takarda ta yi tsada, gaskiya ne. Sai dai yana min ciwo in ga shagon da na sani ya koma na caji da murfin waya. Ranar Asabar zan koma karɓo Iziyya, ka shirya bayan la'asar in biyo ta gidanka mu tafi tare. A gaida su Umma.