Ɗalibaina suna ce wa mota "she", ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata, ina koyar da 'yan aji biyar. Na yi, na yi a kan wakilin suna, amma da an zo insha'i sai ka ga an ce wa mota "she". Ga ƙarancin kalmomi. Duk Juma'a ina ba su ashirin su haddace, kafin Litinin sun bi iska. Me zan yi kafin WAEC? Daga wata malama, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, sannu da fama da alli.

Yaranki ba daƙiƙai ba ne, Hausa suke yi da kalmomin Turanci. A wurinmu kowane suna yana da jinsi: mota ta lalace, gwamnati ta ce, littafi ya yage. Bature kuwa duk waɗannan "it" yake ce musu, mu kuma ba mu da wannan kalmar sam. Haka Bahaushe ba ya cewa "Musa tafi", sai ya ce "Musa ya tafi". To wannan "ya" ɗin ce take bin yarinya har cikin takardar jarrabawa, ta rubuta "Musa he went".

Na yi shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin irin wannan, ban ga canji ba. Ranar da na gane bakin zaren, wani yaro ne ya rubuta min "the furniture, they are new". Na ce, su wa? Ya ce, "Kayan ɗakin mana, Malam." Ai kuwa da gaskiyarsa, kaya "su" ne a Hausa. Tun daga ranar na daina hana Hausa a ajina, duk da akwai abokan aikin da suka yi ta tsaki. Sai in raba allo biyu, jimlar Hausa a dama, ta Turanci a hagu, in sa yaro ya fito ya ja kibiya daga wakilin suna zuwa sunan da yake wakilta. In kibiyar ta rasa inda za ta sauka, ko ta tsaya tsakanin sunaye biyu, jimlar ba ta da lafiya. Minti biyar a farkon kowane darasi ya isa.

Kada ki raina abin. A insha'in WAEC, maki 10 cikin 50 na tsabtar nahawu da rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci.

Akwai wuri ɗaya mai santsi: "everybody" da "each". Tsofaffin littattafan nahawu sun ce tilo ne, a bi su da "his" ko "his or her". Amma Turawa suna sa musu "their" tun ƙarni na 14, har ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya zaɓi "they" a matsayin kalmar shekarar 2019. Ni dai ba na son yarinya ta yi caca da makinta. Ki koya musu su mayar da jimlar jam'i: "All the girls brought their books." Babu mai duba takardar da zai taɓa wannan.

Batun kalmomi kuwa, ki yi haƙuri, ashirin sun yi yawa, kuma tsirara kike ba su. Ki rage zuwa bakwai ko takwas daga fanni guda, tunda WAEC tana tambayar kalmomin noma, asibiti, gini, kotu da sauransu. Kowace kalma ta zo da jimloli biyu, ta biyun ta fara da wakilin sunanta: "The luggage arrived. It was heavy." "The police came. They left early." Kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan. Ki fara da masu yaudarar Bahaushe: luggage, equipment, advice, information, news, duk "it" ne, cattle kuma "they".

Ranar Litinin kada ki tambaye su ma'ana. Ki rubuta jimlar farko a allo, ki miƙa wa ta bencin baya alli ta kawo ta biyun.