Kwashe robar tekun Pasifik

Malam, ka tambayi abin da ya hana jirage su kwashe robar da ta taru tsakanin Hawai da Kalifoniya. Ai ba tsibi ba ne da za a ɗebe da shebur. In ta yawan ƙwaya za a ƙirga, galibinta gutsattsari ne da ba su kai milimita 5 ba, sun bazu kamar tsaki a kunu. In aka matse idon raga, har da 'yan kifaye za ta kwaso.

Ƙungiyar The Ocean Cleanup, mai aikin kwashe robar teku, ta gwada shinge mai yawo a kan ruwa mai tsawon mita 600 a 2018. Bai riƙe robar ba, ƙarshe ma ya karye. Daga baya suka koma jan raga da jirage biyu a hankali. Gorar roba ta ruwan sha kuwa, in ta cika da ruwa nutsewa take yi, raga ba ta isa gare ta.